Ƙoƙon kunkurun ɗana ya yi laushi, me zan yi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da na saya wa ɗana ɗan kunkurun ruwa, irin mai jan layi a gefen kai. Tsawon ƙoƙonsa yanzu bai wuce santimita 7 ba. Yana cikin akwatin gilashi mai cin lita 40 da na ajiye kusa da taga don rana ta riƙa samunsa, da dare kuma in kunna masa ƙwan fitila irin na ɗaki. Abincinsa busasshen jatan lande ne da ɗan naman kaza, ganye kuwa ko kallonsa ba ya yi. Kwanan nan na lura in na danna bayansa sai ya lotsa, gefen ƙoƙon ta baya ya fara lanƙwashewa sama, ga kuma wasu fararen tabo. Cin abincinsa ma ya ragu. An ce in shafa masa mai, in kuma jefa dunƙulen kalsiyam a cikin ruwan. Shin hakan zai wadatar? Yaron ya shaƙu da shi ƙwarai, ina tsoron kada ya mutu a hannunmu.

Wata uwa

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Man nan ki bar shi inda yake, dunƙulen kalsiyam ɗin kuma shi kaɗai ba zai yi komai ba. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon laushin ƙashi, wanda likitocin dabbobi ke taƙaitawa da MBD, kuma yana cikin cututtukan da suka fi kama kunkurun da ake kiwo a cikin ɗaki. Yana warkewa in an tare shi da wuri. Gaskiya ne ɗan kunkurun da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba ƙoƙonsa kan ɗan yi taushi, amma wanda ya yi wata takwas a hannunki, ga lanƙwashewa ga rashin ci, ya wuce a ce ƙuruciya ce. Ki nemi likitan dabbobi da ya saba duba dabbobi masu jan ciki a cikin makon nan, sannan ki fara gyaran da za mu bayyana tun yau, domin allurar likita ba za ta ɗore ba in kunkurun ya koma inda ya kwaso ciwon.

Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne mai rai. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka faɗaɗa suka haɗe, akwai jijiyoyin jini a ciki, yana kuma jin taɓawa. Ɓawon da kike gani a sama, mai zane gida-gida, siririn rufi ne irin na farce da ƙaho. Jiki yana buƙatar kalsiyam a cikin jini kullum don zuciya da tsoka su yi aiki. In bai samu daga abinci ba, sai ya juya ya riƙa zarewa daga ƙashi, kuma babban rumbun ƙashin kunkuru shi ne ƙoƙonsa. Lotsawar da kike ji a yatsanki ke nan.

Lafiyar ƙoƙo kamar girki ne a kan murhu mai duwatsu uku: kalsiyam a abinci, hasken UVB (wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani) a fata, da ɗumi. Hanjin kunkuru ba ya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata sai da bitamin D3. Fatarsa ce ke fara haɗa bitamin ɗin idan hasken UVB ya sauka a kanta, ɗumi ya ƙarasa aikin, sannan hanta da ƙoda su mayar da shi irin wanda jiki ke amfani da shi. A cire dutse ɗaya, tukunya ta kife. A wajenki, ki yi haƙuri, duka ukun ne ke rawa.

Tagar ita ce ta yaudare ki, kuma ta yaudari mutane da yawa kafin ke. Gilashin taga yana barin haske da zafi su wuce, amma yana tare kusan duk UVB. Naki ma gilashi biyu ne, na taga da na akwatin. Roba mai gara-gara ita ma haka take yi. Wato wata takwas yana kwance cikin rana a ganin ido, fatarsa kuwa tamkar a ƙuryar ɗaki take. Ga wani haɗarin kuma: akwatin gilashi a rana yana tara zafi da sauri, ruwa kaɗan na iya yin zafin da zai kashe ɗan kunkuru cikin ƙanƙanin lokaci. Ki ɗauke akwatin daga bakin taga. Ƙwan fitilar ɗaki ba shi da UVB ko kaɗan, kunna shi da dare kuma hana kunkurun barci kawai yake yi. Da dare duhu yake so, ba jar fitila ba, ba shuɗiya ba.

Fitilu biyu za ki saya. Ta farko ta UVB ce, kuma wadda ta fi dacewa ita ce doguwa siririya da ake kira T5 HO, tare da gidanta mai madubin da ke tura hasken ƙasa. Kamfanoni irin su Arcadia da Zoo Med suna yin ta. A jikin kwalin za ki ga ƙarfinta: wasu 5.0 ko kashi 6 cikin 100, wasu 10.0 ko kashi 12 cikin 100. Mai ƙaramin ƙarfin ana rataye ta kimanin santimita 25 zuwa 30 sama da kunkuru, mai babban ƙarfin kuwa 35 zuwa 45. Ana aunawa ne daga fitilar zuwa doron kunkurun lokacin da yake kwance a wurin shan hantsinsa, kada a auna zuwa ruwa ko gindin akwati. In kwalin ya zo da jadawalin tazara, shi za ki bi. Tazarar nan ba abin wasa ba ce, domin UVB yana raguwa sosai da an ƙara ɗan nisa, in kuma aka kusanto da yawa sai ya ƙona idon kunkurun, ka gan shi ya rufe ido ya ƙi buɗewa. Kada gilashi ko roba su shiga tsakani. Murfin raga ma yana cinye wajen kashi ɗaya cikin uku, mai ƙananan ido sosai har rabi, saboda haka in dole sai da raga, a sa fitilar a ƙarƙashinta ko a rage tazarar.

A kula da kwalin da aka rubuta UVA kawai, ko wanda aka yi wa kirarin hasken rana amma ba a faɗi adadin UVB ɗinsa ba. Wannan ƙwai ne na haske, ba zai yi aikin ba. Fitilar UVC kuwa, wadda ake kashe ƙwayoyin cuta da ita, kada ta kusanci dabba ko mutum. Ƙaramin ƙwan UVB mai murɗaɗɗen jiki yana aiki, sai dai haskensa a ɗan wuri kaɗan yake taruwa, kusa da shi ya yi yawa, nesa kaɗan ya ɓace. Doguwar ta fi shi shimfiɗa haske.

Abin da ya fi kama masu kiwo shi ne tsufan fitila. UVB ɗinta yana ƙarewa tun tana ci gaba da haske fes, ido ba zai gane ba. T5 HO ana sauya ta duk shekara, tsohuwar samfurin T8 da murɗaɗɗen ƙwai duk wata shida. Ki rubuta ranar da kika sa ta a jikin gidan fitilar da alƙalami. Akwai na'urar aunawa, Solarmeter 6.5, wadda ya kamata ta nuna 3 zuwa 4 a wurin shan hantsin irin wannan kunkuru, amma mai kunkuru ɗaya rubuta kwanan wata ya ishe shi.

Fitila ta biyu ta ɗumi ce: ƙwan halojin ko tsohon ƙwai mai zare, wat 50 zuwa 75. Ƙwan LED ba ya ba da ɗumin da ake nema. A haɗa ta gefe da gefe da ta UVB, duka biyun suna haska wuri ɗaya, don in ya hau neman ɗumi ya sami UVB a lokaci guda. Haka rana take yi masa a daji. Wurin shan hantsin ya zama dandamali busasshe ƙarau, wanda zai ɗauke shi gaba ɗaya har cikinsa ya bushe, da gangara mai kaushi da zai hau ba wahala. Zafin saman dandamalin ya kasance digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, na ruwa kuma 25 zuwa 27 ga ƙarami ko maras lafiya. Ki auna da ma'aunin zafi, tafin hannu ba ya faɗin gaskiya a nan. In ya gaza a matso da ƙwan, in ya zarce a ɗaga shi. Bambancin da ke tsakanin ruwa da dandamali shi ke fito da kunkuru. Ruwa ya yi ɗumi da yawa, ba zai ga dalilin fitowa ba. Ruwa ya yi sanyi, cikinsa ya daina narkar da abinci ya ƙi ci, kuma muna zargin wannan na cikin abin da ya rage wa naki ci. Fitilun biyu su yi awa 10 zuwa 12 a kunne kullum. Ƙaramin agogon soket mai kunnawa da kashewa da kansa zai raba ki da mantuwa. A ɗaure su da kyau yadda ba za su faɗa ruwa ba, kuma ruwa ba zai fantsamar wa ƙwai mai zafi ya fashe ba.

Duk da haka, babu fitilar da ta kai rana. In yanayi da ɗumi, ki fitar da shi waje minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, da hantsi ko da la'asar, a cikin baho mai faɗi wanda ba na gilashi ba. Ruwan ya rufe ƙoƙonsa kaɗan, da dutsen da zai hau, rabin bahon kuma a inuwa don ya gudu in zafi ya ishe shi. Mutum ya tsaya a kansa. Kyanwa, kare da manyan tsuntsaye ba sa raina ɗan kunkuru, shi kansa kuma ya fi yadda ake zato iya hawa da gudu.

Sai abinci. Busasshen jatan lande a wurin kunkuru kamar alawa ce a wurin yaro: yana so, zai ƙi komai saboda ita, amma ba ta gina jiki. Bitamin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Tsokar kaza ta fi shi ɓarna a wannan ciwon. Abin da ake so a abincin kunkuru shi ne kalsiyam ya ninka fosforas (wani sinadari ne da ke cikin abinci) kamar sau biyu, tsokar nama zalla kuwa fosforas ɗinta ya ninka kalsiyam wajen sau ashirin. Yawan fosforas yana ƙara ingiza jiki ya zari kalsiyam daga ƙashi. A daji kunkuru yana cinye kifi da ƙashinsa da kayan cikinsa, katantanwa da ɓawonta, shi ya sa naman daji ba ya yi masa wannan illar. Ki daina kazar gaba ɗaya, jatan landen kuma ya koma ɗan lasa sau ɗaya a mako.

Ginshiƙin abincinsa ya zama ƙwayoyin abincin kunkurun ruwa na kamfani, irin su Mazuri ko ReptoMin, waɗanda aka riga aka sa wa kalsiyam da bitamin A da D3. Awon mai sauƙi ne: ki ƙiyasta abin da zai cika kansa da a ce kan nasa fanko ne, ban da wuya. Wanda bai kai shekara ba ana ba shi wannan awon sau ɗaya kullum. In ya wuce shekara, sai a koma sau biyu ko uku a mako. Gwangwanin da aka buɗe kada ya wuce wata shida, domin bitamin yana lalacewa. Kunkuru maroƙi ne na gaske, duk wanda ya gifta sai ya taso yana kaɗa ruwa kamar bai ci ba tun jiya. Kada ki biye masa. Yawan ci yana sa saurin girman da ƙashi ba zai iya bi ba, ɓawon ya riƙa tasowa tudu-tudu, ga ƙiba. Sau ɗaya ko biyu a mako a maye gurbin ƙwayoyin da tana, gyare, ƙaramar katantanwa ko ƙaramin kifi ɗungurungum, daga wurin da ba a fesa maganin ƙwari ba. Jan kifin ado na gilashi kada ya zama abincin kullum, yana da kitse da wani sinadari mai lalata bitamin B1.

Ganye kullum ne, ko ya ci ko bai ci ba. Ƙarami ya fi karkata ga nama, wajen rabin abincinsa, amma babban kunkuru irin naki kusan kashi uku cikin huɗu na cinsa tsiro ne, kuma wanda bai saba tun yana ƙarami ba yana wahalar sabawa. Ki wanke ganye ɗaya kamar girman ƙoƙonsa ki bar shi yana yawo a ruwan, da yamma ki cire saura. Ganyaye masu duhun kore sun fi: na mustad, na tanif, na dandaliyon, da latas mai dogon ganye. Farin latas mai dunƙulewa kusan ruwa ne zalla. Tsiron ruwa irin kainuwa yana ci sosai in daga ruwa mai tsabta aka samo. Gurzajjen karas ko kabewa sau ɗaya ko biyu a mako suna ba da bitamin A, launinsu kuma yana jan hankalinsa. Alayyafo sai jefi-jefi, domin yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam a hanji ya hana shi shiga jini. Burodi, madara, abinci mai gishiri ko mai, duk ba nasa ba ne.

Zai yi gardama da farko. Ki jiƙa ƙwayoyin a ruwan da aka tsoma jatan lande don su ɗauki ƙamshin, ko ki haɗa su kina rage jatan landen a hankali cikin mako biyu. Lafiyayyen kunkuru ana iya barinsa kwana biyu ko uku yunwa ta karya masa taurin kai, amma naki maras lafiya ne, kada a yi masa horon yunwa sai likita ya gan shi. Kuma a cikin ruwa ake ba shi, irinsu ba sa iya haɗiya a tudu.

Game da kalsiyam ɗin kansa, kunkuru ta baki yake samunsa, ba ya shiga ta ƙoƙo, shi ya sa dunƙulen da ke narkewa a ruwa ba ya tsinana abin kirki. Abin da ya fi shi ne farin ƙashin nan na wata dabbar teku da ake rataya wa tsuntsayen keji. Ki kankare ɓangarensa mai tauri da wuƙa, ki fasa mai laushin gutsi-gutsi, ki jefa guda ɗaya ya riƙa gaigaya. Garin kalsiyam wanda ba shi da fosforas shi ma yana yi, sai dai yana wankewa da an jefa abinci a ruwa. Dabarar ita ce a ɗan jiƙa ƙwayoyin, a mirgina su a garin, a bari su bushe, sau biyu a mako. Ɓawon ƙwai da aka tafasa minti 10, aka shanya, aka daka ya yi laushi kamar hoda, yana iya maye gurbinsa. Abin da za mu ja kunnenki a kai shi ne ɗigon bitamin D3 ko A da ake sayarwa. Waɗannan ba sa fita da fitsari, taruwa suke yi. D3 in ya yi yawa sai kalsiyam ya daskare a ƙoda da jijiyoyin jini, A kuma ya sa fata ta saɓule. D3 ɗin da fata ke haɗawa daga haske yana da birkinsa, na kwalba ba shi da shi. Ki bar wa likita awon.

Fararen tabon abu uku ne ke kawo su. In kamar alli ne, ba wari, wurin da tauri, kuma yana gogewa da buroshin haƙori mai laushi, gishirin ruwa ne ya bushe a kai, ba komai. In siririn ɓawo ne mai gara-gara yake ɗagowa da iska a ƙarƙashinsa, saɓa yake yi irin ta girma, ki bar shi ya faɗi da kansa, kada a ɓanɓare. Amma in wurin ya yi rami, ko laushi kamar cuku, ko yana wari, ko akwai ja-ja a ƙarƙashi, ruɓar ƙoƙo ce. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga saboda ƙazamin ruwa da rashin wurin bushewa, kuma tana iya kaiwa ga jini. Kafin ki ga likita, a wanke wurin a hankali da aidin irin na fobidon da aka sirka da ruwa har ya koma kalar shayi maras kauri, a kiyaye ido da baki, a ajiye shi a busasshen baho mai ɗumi kamar awa ɗaya ko biyu, sannan a mayar da shi ruwa mai tsabta ya ci ya sha. Kada a kankare da ƙarfe. A nan ne man da aka ce ki shafa zai ƙara dagula lamari: yana rufe danshi da ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin ɓawo, ya kuma ɓata ruwan. Sheƙi kawai zai ba ki.

Akwatin ma ya yi masa kaɗan. Ƙa'idar masu kiwo ita ce kimanin lita 15 ga kowace santimita ta tsawon ƙoƙo, wato naki yana son wajen lita 100, kuma macen irinsu tana kai santimita 25 zuwa 30. Babbar robar ajiya tana yin aikin akwatin gilashi. A sa matatar ruwa mai ƙarfin ninki biyu ko uku na yawan ruwan, a sauya kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, a cire ƙananan tsakuwa don yana haɗiye su. Yanzu da ba shi da ƙarfi, ki rage zurfin yadda zai iya miƙo kai ya shaƙi iska yana tsaye, har ya murmure.

A wurin likita, mai yiwuwa a ɗauki hoton ƙashi a ga yadda ya sirance, a ba shi kalsiyam na ruwa ta baki ko allura. Ki tafi da hoton akwatin da gwangwanin abincinsa. In kika ga muƙamuƙinsa ya yi laushi, ko yana jan ƙafafun baya, ko jikinsa na karkarwa, ko ido ya kumbura, ko kumfa na fita ta hanci, ko yana iyo a karkace, kada ki jira ƙarshen mako, ranar za ki kai shi.

Ki gaya wa yaron ya daina ɗaukarsa a wannan tsakanin, ke ma ki daina dannawa don gwaji, domin ƙashin da ya yi laushi faɗuwa kaɗan ke karya shi. Duk wanda ya taɓa shi ko ruwansa ya wanke hannu da sabulu, kuma kada a wanke kayansa inda ake wanke kwanuka. Kunkuru ko lafiyayye ne yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, abin da ya sa Amurka ta hana sayar da waɗanda ba su kai inci 4 (kimanin santimita 10) ba tun 1975. In yaron bai kai shekara biyar ba, kallo ya ishe shi.

Da zarar ɗumi ya daidaita, cin abinci yakan dawo cikin mako ɗaya ko biyu. Taurin ƙoƙo kuwa sai an yi watanni, kuma gefen da ya riga ya lanƙwashe ba lallai ya miƙe ba, sabon girman da zai biyo baya ne zai fito daidai. Ki riƙa ɗora shi a kan ƙaramin sikeli mai nuna giram sau ɗaya a mako, ki auna tsawonsa da rula duk wata, ki rubuta. In nauyin ya yi mako uku yana sauka duk da gyaran nan, ki koma wa likita da takardar a hannu.